Ɗaya Bakin Rawanin

…kuma ba zafin rana ba ne, kar wanda ya ƙara ce min zafin rana ne. Shekara sittin da uku ina ƙarƙashin ranar nan, a gonar nan, sai yanzu za ta tuna da kaina? Tun kafin ta yi ƙarfi ma ciwon yake farawa. Nan. Saman kunnen hagu, daidai inda zagaye na uku na rawani yake bi. Da farko kamar an ɗora min yatsa. Kafin in isa injin ban-ruwa yatsan ya koma ƙusa, kafin rana ta take idon hagu ya fara ruwa, ina juya baya ina sharewa da gefen hannu don kar a gani.

Wata biyar. Na ƙirga. Tun makon da muka shuka alkama, ga ta nan har ta nuna tana jiran injin girbi.

Ga ni tsaye a tsakar gida, rawani a hannu, na yayyafa masa ruwa, ina jiran ta fito daga kicin ta kama ɗaya bakin. Yadi shida — mutum biyu yake so kafin a naɗa. Ni in riƙe wannan kusurwa, ita ta riƙe waccan, kowa ya ja da baya har ya miƙe sambal, in nannaɗe gefena ciki, ta nannaɗe nata, ya fito siriri, sumul, ba tudu ba kwari. Shekara talatin da takwas Nasibo matata ke riƙe min ɗaya bakin. Ta cikin yadin nan na san hannunta fiye da yadda na san fuskarta. Ranar da ta tashi da fushi, ja take kamar za ta ɓalle min kafaɗa. Ranar da ranta ke fari, sai ta ɗan fizga sau biyu, ƙanana, ta ɗauke kai kamar ba ita ba. Tun muna ango da amarya take yi, uwata na zaune a gadon igiya tana tsince wake, har ta mutu ba ta gane ba.

Yanzu fa? Ba ja, ba fizga. Gefenta sako-sako, ninkin ya tattaru wuri guda ya yi gudaji, gudajin kuma duk yadda na juya shi sai ya sauka kan jijiyar nan. Yadin da bai miƙu ba dole ka ƙara tamke shi, in ba haka ba ya zame maka a gaban jama'a. Sai in tamke. Sai ya danna. Kullum wuri ɗaya… Kuskure ne yake faɗawa wuri ɗaya kwana ɗari da hamsin?

Ba ita na fara zargi ba, Waheguru, Ubangijina, ne shaidata. Mai yadi na fara zargi, na ce ya cakuɗa min roba a cikin auduga, na hau mota har garin Faridkot na wanke shi tas a gaban masu saye. Na sayi sabo a wani shagon. Duk ɗaya. Na ce sitaci ne, aka daina sa sitaci. Na ce tabarau ne ke matse ni a ƙarƙashin naɗin, na yi kwana uku ba tabarau, har na tsaya na gaida buhun taki a bakin hanya. Na sassauta ƙullin gashina na ƙarƙashi, na matsar da ɗan matajin katako daga hagu zuwa dama. Na shiga kemis na miƙa hannu aka auna jini, na ce na wani abokina nake tambaya — mai kemis ya dube ni, ya dubi hannuna a cikin abin awon. Jinina lafiya lau.

A ɗakin injin ban-ruwa nake cire shi. Ni. Da tsakar rana, in ja ƙofar langa-langa, in sa dutse, in sauke rawanin kakannina a kan gwiwa in zauna da kai a buɗe ina nishi, kunnena a waje ko wani zai zo. Minti goma. Ranar Lahadi a gurdwara, ɗakin ibadarmu na Sikh, na durƙusa na kai goshi ƙasa gaban Littafi mai tsarki, jijiyar ta buga har na ga wuta-wuta, na kasa ɗagowa, mutane suka ɗauka ibada ce ta kama ni.

Sai wata Laraba. Mako shida ke nan. Nasibo ta bi Simrat, 'yarmu, suka kama motar farko zuwa birni tun ban fito daga wanka ba. Ba mai riƙe min. Na ɗaure ɗaya bakin a ƙarfen taga kamar gwauro, na ja, na ninke da kaina, na naɗa. Na tafi gona ina jira. Ƙarfe tara… goma… rana ta take. Ba yatsa, ba ƙusa. Kaina wasai. Na zauna a kan kunyar gona, ya kamata in yi murna, amma sanyi ne ya shige ni tun daga tafin ƙafa. Da suka sake tafiya na sake gwadawa. Wasai. Ƙarfen taga ba ya sa ni ciwon kai. Matata ce take sa ni.

Da gangan. Me ya rage in ba da gangan ba?

Kuma na san dalili. Kai ne dalilin, Teji. Eh, kai, ɗana namiji guda, can Kanada inda kake… shekara huɗu ban kira sunanka da baki ba, a zuci kuwa ka hana ni sakat. Wayar uwarka a hannuna, hotonka ya fito, na ce wane ne wannan? Kai ba rawani, gashi an aske gefe da gefe kamar ɗan ƙwallo, kunnuwa a waje. Kunnuwan da ban gani a fili ba tun kana shekara goma sha huɗu, ranar da aka naɗa maka na farko a gurdwara, kakanka yana share hawaye da gemu. "Bapu, ka saurare ni. Kaina ke ciwo. Awa goma sha huɗu a kan sitiyari, ƙullin yana ja, naɗin yana matsa, har amai nake yi a gefen titi. Bapu, ba raini ba ne…" Ciwon kai! Na ce shekara arba'in da biyar ina naɗawa, a zafi, a ruwa, a kan tarakta, ko sau ɗaya kaina bai sara ba. Na ce baffana Kehar, da hannunsa ke rawa har shayi na zuba a gemunsa, bai taɓa leƙa ƙofar gida da kai a buɗe ba, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ce wash. Na ce a gidan nan wanda jikinsa ya gaza, ya ja bakinsa ya yi shiru, kar ya kawo min kuka. Na kife wayar a kan gado. Uwarka na tsaye a bayana da kofin shayi. 

Ba ta ce uffan ba, shekara huɗu. Ashe ajiyewa take. Bari tsohon ya ɗanɗana, bari ya ji abin da yarona ya ji, ya zo da bakinsa ya ce kaina na ciwo, in ce masa af, ashe rawani na sa ciwon kai? Haka ne ko ba haka ba? Shi ya sa ban faɗa ba. Ba kuma zan faɗa ba. Ƙwayar da nake sha tana cikin akwatin gyaran tarakta, ƙarƙashin sifana, ina haɗiya ba ruwa.

In da a nan abin ya tsaya da na shanye. Horo ne, na sha, an wuce. Amma birnin fa? Kowane mako biyu, ranar Laraba. "Ina za ku?" "Kayan ɗinki, Bapu," in ji Simrat, idonta a kan takalminta. Kayan ɗinki! Su dawo da yamma ba ko zare. Birnin da kowane bene allo ne da hoton jirgin sama, kowane shago na biyu mai yin takardun fita ne. Rabin tsofaffin matan ƙauyen nan sun tafi renon jikoki, sun bar mazan suna dafa shayi da kansu suna hira da ɓaunar da ake kiwo don nono. Matar Teji ta haihu bara, an ce namiji — an ce. Ni ba a nuna min ba, ban kuma tambaya ba.

Awarwaronta. Wannan ne ya tsaya min a rai. Guda huɗu na zinariya, na uwata, tun ranar da ta shigo gidan nan ba su bar hannun damanta ba. Da su nake sanin inda take, kicin ko garke ko saman soro, ƙararsu ce agogona. Wata uku ke nan gidan shiru. "Ina awarwaronki?" "Na ajiye. Suna damuna." Shekara talatin da takwas ba su dame ta ba.

Na buɗe babban akwatin ƙarfe ranar da ba ta nan. Eh, na buɗe, ni Jagrup Singh, ina laluben ƙarƙashin barguna kamar ɓarawo a gidana. Ga su a ƙulle cikin hankici, a kan wata ambulan ruwan ƙasa. Zinariya da takardu wuri ɗaya — me ake haɗawa wuri ɗaya in ba kayan tafiya ba? Turanci, hatimi, kwanan wata. Turancina bai wuce karanta lambar mota ba, amma sunanta na gane, da shekarunta. Wa zan kai wa ya karanta min? Malamin makaranta? Kafin yamma duk ƙauye ya ji matar Jagrup za ta tafi ta bar shi. Na mayar yadda na same su, na gyara bargunan.

Kuma kowa ya sani, wannan ne ke cin raina. Simrat ta zo da wata ƙugiyar ƙarfe da kusoshi, ta kafa a bangon tsakar gida. "Ta ninke rawani ce, Bapu. Yanzu kowa da ita yake yi, ba sai ka jira Bebe ta riƙe maka ba." Ba sai na jira ba! Na sa filaya na tumɓuke ta a gabanta, ramukan na nan biyu suna kallona. Sai Bant — Bant da muka yi musayar rawani tun muna samari, ya zama ɗan'uwan da ya fi na jini — muna karta a gindin bishiyar dandali ya kalli kaina ya ce, "Kai Jagrup, wai da ƙafa kake naɗa abin nan yanzu? Ya karkace kamar amalanken da taya ta fita." Na ce, "Ka ji da naka, mai kama da kwandon da akuya ta kwana a ciki." Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya jefa kati ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ka koyi yi da taga mana, ɗan'uwa. Ka hutar da baiwar Allah." Ina ruwan Bant da mai riƙe min rawani? Matarsa ƙawarta ce. Sabar min suke yi. Ana koya min zama ni kaɗai tun kafin jirgi ya tashi, kamar ɗan maraƙin da ake yayewa.

Ita ma ta fara zare hannu daga komai. Ɓauna — wai ta daina sakar mata nono, matar maƙwabci ke zuwa tatsa. Gurasar da take fitowa kamar an zana da bakin kwano, yanzu kowace da nata fasalin. Shayi rabin kofi, kuma ba ta miƙo min a hannu, sai ta dire a ƙasa kusa da ƙafata ta juya. Murya ta koma ciki, sai na yi ta cewa me? me? Fuskar kuwa… Nasibo da ke dariya har ta riƙe ciki, yanzu in na yi magana kallona take ba ko motsin gira. Zuciyarta ta riga ta hau jirgi, gangar jikin ce ta rage tana share min tsakar gida.

Ina jin tsoro. To, na faɗa, ba mai ji. Ba tsoron ciwon kan ba — gidan nan ba ita. Ɗaki shida, ni da ɓauna. Kuma ina jin haushi, don da ta zo ta ce baban Teji, ina son ganin jikana, da… da me? Da na ce me? Oho. Amma da ta faɗa.

Yau dai za ta faɗa.

Na gane dabararta. Kullum ta kama bakin yadin, kafin in gyara tsayuwa, "Yi sauri, madara na kan wuta." Kullum madara na kan wuta, wata biyar, sai ka ce gidan mai shayin tasha. Ba ta son tsayawa gabana, ba ta son mu haɗa ido. Ɗazu na shiga kicin ina kallonta tana kallona, na sauke tukunyar da hannuna, na kashe gas, na fito. Yau ba madara. Zan ja yadin ya miƙe, ba zan ninke ba, ba zan saki ba, zan tsaya in dube ta har ta rasa inda za ta sa ido, sannan in ce: yaushe ne jirgin? Kalma uku. Tun jiya nake gwada su a gona, ina faɗa wa alkama.

Ga ta nan.

Dubi tafiyar. Taku ƙanana, silifa na jan ƙasa, kamar wadda aka aika inda ba ta so. Hannun dama a ƙarƙashin mayafi — kullum a ƙarƙashin mayafi, me take ɓoyewa, waya? Furfurar gaban goshinta ta ƙaru. Yaushe ta rame haka? A'a. Kar ka fara, Jagrup. Da tausayi ake cin ka.

Ta sunkuya ta ɗauki bakin. Da hagu ta ɗauka, sannan ta fito da daman ta ɗora.

"Yi sauri, madara—"

"Na sauke."



Na ja da baya. Ɗaya, biyu, uku, har diddigena ya taɓa bakin rariya, inda nake tsayawa kullum, siminti har ya yi santsi a wurin. Yadin ya tashi daga ƙasa, shuɗi, ɗigon ruwa na tsalle daga jikinsa. Ga sako-sakon nan a gefenta, ina ganinsa da idona, ya yi ciki kamar igiyar shanya. Ja mana! Na san ƙarfin hannun nan, hannun da ke kama kunnen buhun alkama da ni mu jefa a tirela. Ba ta ja ba. Jira take in fara ninki. Ba zan fara ba.

Dube ni. Dube ni, Nasibo. Yadin take kallo.

Ina ƙirgawa a zuci. Biyar… shida… Kurciya a kan eriya. Injin wani na tashi can gonar yamma. Bakwai. Ƙusar ta fara tun ban naɗa komai ba, don tsabar sabo. Yaushe ne — buɗe baki, tsoho — yaushe ne —

Mene ne wannan?

Yadin na motsi a hannuna. Fizga? Fizgar nan tata ta da, sau biyu? Yau, don rainin hankali, za ta… A'a. Uku, huɗu, biyar, bai tsaya ba. Ƙanana, a jere, ba sauri ba jinkiri, kamar bututun ban-ruwa in ka dafa shi inji na aiki. Iska ce? Ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Ni ne? Na dubi hannuwana. Munduwar ƙarfena tsaye cak.

Tsoro ne. An kama ta, jikinta na ɓari. Haka ne, ai mai gaskiya ba ya… Amma mai tsoro duk jikinsa ke rawa, leɓe, gwiwa, murya. Ita hannu ɗaya ne. Na dama. Babban yatsa na murza bakin yadin, yana murzawa, yana murzawa, wuyan hannun na kaɗawa shi kaɗai kamar ba nata ba. Ta ɗora hagun a kai ta danne. Ta danne har gaɓoɓin yatsunta sun yi fari. Yana ratsowa duk da haka, yadi shida, har cikin tafina.

Na san rawar nan.

Baffa Kehar a gadon igiya, ina ɗan shekara ashirin ina riƙe masa kofi a baki… haka ta fara masa, hannu ɗaya, yana zama a kansa in baƙi sun zo. Shi ma muryarsa ta shige ciki. Shi ma fuskarsa ta daskare, har matarsa na kuka wai ya daina sonta. Shekara tara. A ƙarshe ni nake naɗa masa rawanin nan da na yi wa Teji gori da shi. Wannan ban faɗa wa yaron ba.

A'a. A'a, a'a. Takardun fita ne. Akwai hatimi. Asibiti ma ai… asibiti ma na da hatimi. Motar farko — wane ofishin takardu ne ke buɗewa ƙarfe bakwai? Layin ganin likita ake kamawa da sassafe. Rabin kofi, don cikakke zai zube. A ƙasa, don kar in karɓa in ji. Yi sauri, yi sauri, don in ta daɗe riƙe da abu sai ya taso mata. Gwangwanin nan na kanumfari da take buɗewa sau uku a rana ta juya min baya… Awarwaron. Waheguru. Zinariya huɗu a hannun da ba ya tsayawa — da sun wuni suna ƙara, da daga gona zan jiyo. Ba kayan tafiya ba ne. Bakinsu ta rufe.

Wanda jikinsa ya gaza, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ranar da na faɗi haka tana bayana da kofin shayi. Da yaron nake. Da yaron nake, Nasibo, ba da ke ba! Wa ya ce ki ɗauka? Shekara talatin da takwas ba ki taɓa bin maganata ba sai da gardama, kan gishiri, kan auren Simrat, kan launin ƙofar gida, sai wannan ɗaya kika zaɓa ki bi ba ƙari ba ragi?

Kuma Simrat ta sani. Bant ya sani, matarsa, matar maƙwabci mai tatsa. Teji ma, ta bayan teku — a waya ya ga abin da ni ban gani ba daga taku goma. Ni kaɗai. An zagaye ni kamar rami a hanya. Don me? Don ni mutum ne da ba a kawo wa kuka. Ni na faɗa, da bakina. Wata biyar ciwonta na bi ta cikin yadin nan yana zuwa yana ƙwanƙwasa min kai kowace safiya, nan, wuri ɗaya, ni kuma ina can Faridkot ina zagin mai yadi.

"Saki, baban Teji." Da kyar na ji. "Hannuna ya gaji."

Ban saki ba. Na manta yadda ake yi.

"Kan ne ko? Ina ganinka kana share ido a bakin ƙofa." Har yanzu yadin take kallo. "Ba ya ninkuwa yadda nake so. Ina ƙoƙari, sai ya taru wuri ɗaya. Ka bari Simrat ta mayar da ƙugiyar nan, ka huta."

Ta sani. Ni ina ɓoye ƙwayata a ƙarƙashin sifana, ita tana ɓoye tata a gwangwanin kanumfari, gida ɗaya, gado ɗaya. Ta ga nawa. Ni ban ga nata ba.

In huta, ta ce.

Hannuwana sun fara ninki da kansu. Ita ma ta fara. Ina kallo yanzu, karo na farko ina kallo: yatsun na kama gefen, ya kuɓuce, su sake kamawa, ta cije leɓe, ta tura da tafin hannu. Ga gudajin yana haɗuwa a gabana. Duk wannan wahalar kowace safiya, kafin ta haɗa min ɗan gudajin nan da nake tsinewa? Na tako wajenta ina tattara yadin a damtse. Ƙamshin man gashi da hayaƙin kicin. Ta miƙo min bakin. Yatsunta sun taɓa nawa, sanyi ƙalau, suna bugawa. Ta janye ta mayar ƙarƙashin mayafi.

Faɗi wani abu. Tun yaushe? Me likita ya ce? Ki yafe min? Shekara sittin da uku ban taɓa… ba ni da su a baki. Uku kawai na tanada, su kuma ba su da amfani.

Madubi. Ƙarfen taga na nan kusa da shi, taku ɗaya. In warware, in ɗaure, in ja, minti biyu, in wuni kaina wasai. Na sa bakin rawanin a haƙora na cije, kamar kullum, don ya tsaya in zagaya da sauran. Na ɗaya, daga ƙeya, ya rufe kunne, ya hau goshi. Na biyu. Teji… a cikin babbar motar nan, cikin sanyin can, wa yake riƙe maka ɗaya bakin? Hannun ƙofa? Ban tambaya ba. Har amai, ka ce. Ban tambaya ba. Ƙarfe nawa ne wajenku yanzu, yaron ya fara tafiya kuwa — wa ma sunansa?

Na uku. Ga shi ya zo tafina, ɗan tudu kamar ƙwallon dabino. Na kwantar da shi a wurinsa, kan jijiyar. Na tamke. Yatsan ya sauka. Ashe nata ne.

Tana bayana a madubi, inda take tsayawa kullum ta ce min tsinin goshin ya daidaita ko ya karkace. Mayafin na motsi a gefen dama, kaɗan-kaɗan. Ta ga ina gani. Ba ta matsa ba.

Yau Talata. Gobe Larabarsu. Motar farko shida da rabi, kujerar bayan direba ba ta cika girgiza ba, amma sai an je da wuri… Simrat za ta ce Bapu, ina za ka? In ce me — kayan ɗinki?

Na huɗu. Na biyar. Yadin ya kusa ƙarewa. In ya ƙare dole in saki wannan bakin daga haƙorana in soke shi a ƙeya, bakina ya zama ba komai a ciki, ita kuma tana tsaye tana jira.

Ina zagayawa a hankali… a hankali…